Janwen da ba ta zuwa nesa: juyen baƙin mai na wata uku, na wata shida ko na shekara?

Motoci biyu ne ke kwana a ƙofar gidan kawuna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma ni nake riƙe da littafinsu. Ɗaya tsohuwar Mitsubishi Canter ce da aka ɗora wa winci da ƙugiya a Suame Magazin, unguwar makanikai, ta zama janwe. Ɗayar kuma Hilux ce mai dizal, wadda ba ta fita sai in za a ja tirela zuwa Techiman ko Ejura a ɗauko doya da masara. A ƙarshen bara na duba mitar kowacce, sai na ga abin mamaki: duka biyun kilomita 7,000 da 'yan kai suka yi a shekara guda. Direban tasi na cikin gari zai cinye wannan a wata biyu ko uku. Da na nuna wa Kawu, sai ya tura tabaransa sama ya ce, "To kai ɗan nan, in haka ne, don me muke zubar da baƙin mai duk wata uku? Man da bai je ko'ina ba, me ya gajiyar da shi?"

Tambayar ba ta banza ba ce. Canter tana shan kusan lita 10 a kowane juye, Hilux kusan 7. Sau huɗu a shekara ya kama lita 68 ke nan, ga filta takwas, ga kuɗin hannun yaran gareji. Ga motocin da ba kullum suke kawo kuɗi ba, wannan rami ne babba a aljihu. Hanya uku ce a gabanmu: ko mu ci gaba da juyen wata uku yadda muka gada, ko mu ja shi zuwa wata shida da man da aka saba amma mai kyau, ko mu sayi mai tsadar nan da ake ce wa sintetik mu yi juye ɗaya a shekara mu huta. Na ɗauki watanni ina rubutu ina tambaya kafin mu yanke shawara, kuma a ƙarshe amsar Canter ta zo daban, ta Hilux daban, duk da cewa mitarsu bakinsu ɗaya.

Mitar kilomita juyawar taya take ƙirgawa, ba ruwanta da abin da inji yake yi. Janwe kuwa rabin wahalarta a tsaye take shan ta. A kira ka cewa mota ta mutu a Anloga Junction ko an yi karo a Sofoline. Ka fito ka shiga cunkoso, giya ɗaya giya biyu, kana bin bayan trotro, wato bas-bas ɗin haya. Ka isa, ba za ka kashe inji ba, don famfon haidrolik na winci daga jikinsa yake samun ƙarfi. Sai ka jira 'yan sanda su gama awo, masu motoci su gama musu, mai motar ya gama kiran ɗan'uwansa da zai turo kuɗi ta waya. Sannan ka ɗaura, ka ja ta a hankali zuwa Magazin. Ka dawo gida ka duba mita, kilomita 20 ko 30. Injin kuwa ya yi awa biyu da rabi yana juyawa.

Saboda haka na saya wa direbanmu littafin 'yan makaranta da biro, na ce duk fita ya rubuta lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe. Da farko ya ɗauka leƙen asirinsa nake yi, sai da na rantse masa cewa baƙin mai nake bi ba shi ba. Da na haɗa lissafin, Canter tana yin kimanin awa 500 a shekara: wajen 350 tana rarrafe a titi, wajen 150 tana tsaye tana sulo. Hilux kuwa, daga Kumasi zuwa Techiman kusan kilomita 120 ne, zuwa da dawowa 240, sawu talatin a shekara ya ba da 7,200. A kan buɗaɗɗen titi take yinsu, duka-duka ba su kai awa 150 ba. Kilomita iri ɗaya, amma injin Canter ya ninka na Hilux aiki sau uku da wani abu.

Ba ni na ƙirƙiro wannan lissafin na awa ba. Masu janareto da katafila da tarakta da awa suke juye, kuma awa 250 ita ce tazarar da aka daɗe ana bi a injinan dizal irin na da. Kamfanin Ford ma, a littafin manyan motocinsa na dizal, ya ce a ɗauki awa ɗaya ta sulo a matsayin tafiyar mil 25, wato kilomita 40. In ka bi wannan, awa 150 ɗin da Canter take yi a tsaye kilomita 6,000 ce da mita ba ta taɓa gani ba.

Abin da ke kashe baƙin mai a cikin injin dizal ba boyayye ba ne, amma kowace mota da nata maƙiyin. Na Hilux zafi ne. In tana jan tirela cike da buhunan masara tana hawan tudun Mampong a giya ta biyu, allurar ruwa za ta iya zama a tsakiya lafiya lau alhali man da ke ƙasa ya fi ruwan zafi nesa. Ƙa'idar da masana mai suke bi ita ce, in mai ya riga ya yi zafi, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa: ya yi kauri, ya yi tsami, ya fara barin danƙo a jikin ƙarfe. Sai dai zafin nan yana da rana. Duk litar dizal da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda. Yawancinsa ta salansa yake fita a matsayin tururi, amma kaɗan yakan zille ta gefen ringi ya sauka cikin mai. In man ya kai digiri 80 zuwa 100 ya daɗe a haka, ruwan yakan tashi ya fita, haka ma wani kaso na ɗanyen dizal da ya zubo. Hilux duk fitarta tana samun wannan wankan na awa biyu ko uku.

Canter ba ta samunsa. Injin dizal in yana sulo ba ya yin zafi sosai, dizal ba ya ƙonewa duka, sai kunkunniya ta yi yawa, ɗanyen dizal kuma ya riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa ƙasa. Ruwa ya taru, ya haɗu da kunkunniya ya zama taɓo. Ga damshin Kumasi: daga Afrilu zuwa Yuli iska jiƙe take, injin da ya huce da dare yana shaƙar ta, raɓa ta kwanta a cikinsa kamar yadda take kwanciya a gilashi. Wato motar da ake gani tana hutawa ita ce manta yake shan azaba.

Akwai wata al'ada da na sha faɗa a kanta a gidanmu, ta ɗumama mota da asuba. Ko ba a da aiki, sai yaro ya fito bayan sallah ya tayar da Canter ta yi minti biyar ko goma a kashe, wai kada inji ya yi sanyi. Wannan ba ya ƙara mata komai sai ruwa da kunkunniya, don ba ta yi zafin da za ta kore su ba, batir ma bai mayar da abin da aka ci wajen tayarwa ba. Gara a bar ta a kashe kwana shida, ran na bakwai a fita da ita hanyar Ejisu ta yi rabin awa ko fiye tana gudu.

Juyen wata uku da muka gada yana da tushe, kuma ba na raina dattawan da suka kafa shi. Kafin 2017, dokar Ghana ta yarda a shigo da dizal mai ɗauke da salfa, wato farar wuta, har kashi 3,000 cikin miliyan. A shekarar aka sauke iyakar zuwa 50 ga dizal ɗin da ake shigowa da shi. Salfa in ta ƙone ta haɗu da ruwa, asid take zama, shi kuma yana cinye sinadarin da aka zuba wa mai don kashe tsami, wanda ake aunawa da lambar TBN. Sabon baƙin man injin dizal mai kyau yakan fara da TBN kusan 10, kuma da dizal ɗin da, saurin saukarta ba kaɗan ba ne. Mastan da ya koyi aiki a wancan zamani, da man SAE 40 na duro, gaskiyarsa ne in ya ce wata uku. Yanzu dizal ya fi tsabta, mai ya fi inganci, muddin a gidan mai na kirki kake sha ba a jarkar gefen hanya ba.

Amfanin wata uku a yau shi ne yana rufa asiri. In man da aka sayar maka ba na gaskiya ba ne, bai daɗe a ciki ba. In nozul mai fesa dizal yana ɗiga, an zubar kafin abin ya yi nisa. Kuma duk wata uku wani yana shiga ƙarƙashin motar ya ga abin da ke yoyo. Illarsa kuwa biyu ce. Ta farko, a Hilux man da bai yi awa 40 ba ake zubarwa, wannan ɓarna ce tsagwaronta. Ta biyu ta fi muni, kuma na gan ta a kanmu: da yake juyen ya yi yawa, sai mutum ya fara neman rangwame, ya sayi man awo daga duron da bai san asalinsa ba, ya ce a bar filtar sai wani karo. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mai mai kyau da sabuwar filta sau biyu ya fi man kwaram sau huɗu. Ban ma yi maganar inda tsohon man yake ƙarewa ba. Wanda ya san kwatocin da ke gangarawa rafin Aboabo da na Subin ya san launinsu.

Abin da ya hana ni yarda da juyen shekara a Canter wani abu ne da ya faru kafin duk wannan lissafi. Kawu ya daɗe yana yabonta cewa ba ta shan mai ko ɗigo. Wata rana muka kai ta Magazin don gyaran birki, mastanmu, dattijo ne ɗan Asawase da ya fi shekara talatin yana kwance injinan dizal, ya zaro geji kawai don sabo. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya haura alamar cika da kusan faɗin yatsa. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko, Masta? Har ƙaruwa yake yi." Masta bai ce komai ba. Ya ɗiga man a ɗan yatsansa, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci, sannan ya miƙa wa Kawu. "Alhaji, shinshina." Warin dizal ne ƙarara, man kuma ya tsinke kamar ruwan shayi. Ya ce, "Alhaji, mota ba saniya ba ce da za ta kawo mai da kanta. In ya ƙaru, wani abu ne ya shiga." Aka kwance nozul huɗu aka kai wurin masu gwaji, biyu suna tsiyaya maimakon feshi. Wata biyu kacal da juye. Da a ce tsarin shekara muke bi, da wannan ruwan shayin ne zai riƙa shafa wa mital da kiranshaf har wata goma, tana jan motocin mutane. Ƙarshenta inji ya buga, kuma kuɗin kwance injin Canter zai sayi man juyen shekaru masu yawa.

A nan ne maganar sintetik take rikita mutane. Man yana da kyau, ba musu. Ya fi jure zafi, ba ya saurin kauri, ba ya saurin ƙonewa ya bar danƙo, kuma yana gudu da wuri in ana tsananin sanyi. Wannan na ƙarshen na mutanen Turai da Kanada ne, mu a Kumasi ko a tsakiyar hunturu man da aka saba, wato 15W-40, yana gudu lafiya. Amma sintetik ba shi da wata ƙofar baya da zai fitar da dizal ko ruwa ko ƙura ko kunkunniya. Duk abin da ya shiga yana nan a ciki har ranar da za a kwance noti. Wato yana maganin maƙiyin Hilux, ba ya maganin na Canter. Ta fuskar kuɗi ma, a inda nake saya farashinsa yana kusan ninka na man da aka saba. Lita 10 ta sintetik sau ɗaya da lita 20 ta ɗayan sau biyu kusan kunnen doki ne. Ribar da ta rage filta ɗaya ce da kuɗin hannu ɗaya. A kan wannan 'yar ribar ne za ka bar man awa 500 a tsohon inji? Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙari a kan haka, masu tsofaffin injina da yawa da suka koma siririn sintetik irin 5W-30 sun dawo suna ƙorafin yoyo da shan mai, don roba ta riga ta bushe, ringi ya riga ya saki.

Wata shida shi ne ya zauna wa Canter daidai, kuma lissafin ne ya kai mu can: awa 500 a raba biyu, 250. In ka buɗe littafin kusan kowace mota za ka ga tazara biyu aka rubuta, kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga zuwa. Mutanenmu kilomitar suke karantawa su tsallake watannin. A gaba kuma akwai jadawali na biyu na aikin wahala, wanda yawanci yakan rage tazarar da rabi, kuma abubuwan da ake lissafawa a ƙarƙashinsa su ne jan kaya, hanya mai ƙura, gajeren sawu da yawan sulo. Janwe a Kumasi ta haɗa huɗun duka. Saboda haka wata shidan ma ba kyauta ba ne, da sharaɗi ne: mai na gaskiya, sabuwar filta kowane karo, nozul lafiyayyu, da duba geji duk mako.

Mun kuma ɗaura juyen da yanayi maimakon kalanda kawai. Na farko a farkon Maris, bayan hazon hunturu ya ɗauke, don daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce take shiga ko'ina. Na biyu a farkon Satumba, bayan babbar damina ta wuce. Ƙura ita ce maƙiyin da motocin biyu suka yi tarayya a kansa, kuma ba ta hanyar mai take shiga ba, ta hanyar iska ce. Filtar iskar da ta huje, ko robar da ke tsakanin filta da inji da ta tsage, ko kilif ɗin da ya saki, za su ci ringi cikin 'yan watanni ko da man zinariya ka zuba. Ina ganin yara suna hura filtar iska da iskar falkanesa da ƙarfi har takardar ta yage ba su sani ba. Ka haska tocila ta ciki, in ka ga haske ya ɓullo ta wani ɗigo, jefar da ita.

Game da wane mai, abin da ke rubuce a bayan galan ya fi sunan da ke gabansa muhimmanci. A nemi 15W-40 da alamar API da ta fara da harafin C, don C na dizal ne, S na fetur. CH-4 ya isa tsohon inji. CI-4, wanda ya fito a 2002 don injinan da ke mayar da wani kaso na hayaƙinsu ciki, ya fi iya riƙe kunkunniya, shi muke zubawa, kuma irin su Rimula na Shell da Rubia na Total suna da shi. CJ-4 na 2006 da CK-4 na 2016 an rage musu toka saboda motocin da ke da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. In janwenka sabon yayi ne da aka shigo da shi daga Jamus ko Holan da wannan matatar, maganarka daban ce gaba ɗaya. Motar takan ƙara fesa dizal don ƙone abin da ya taru a matatar, in sawun gajere ne aka kashe ta ba ta gama ba, dizal ɗin cikin mai yake sauka. Irin wannan ba a ja mata tazara a aikin cikin gari, kuma ba a zuba mata man da ba mai ƙarancin toka ba. Wanda motarsa ke ƙarƙashin garanti kuwa, ya bi abin da dila ya rubuta masa kawai.

Sau ɗaya aka taɓa cuta ta da galan, a wani shago da ba zan kama suna ba. Galan ɗin na gaskiya ne, abin cikinsa ne ba na gaskiya ba. Sai da yaro ya fara zubawa na ga launin ya yi duhu, wari kuma na man da ya taɓa shiga inji. Tun daga ranar a gidan mai nake saya, a gabana ake fasa murfin, in an gama kuma in huda galan ɗin da sukuddireba kafin in bar shi.

Tsakanin juye da juye akwai gwajin da ba ya cin ko pesewa. Baƙin launi ba hujja ba ne, man injin dizal yakan yi baƙi cikin kwana biyu da zubawa, alamar yana kwashe dattin ne. Abin dubawa shi ne tsayin mai a geji, warinsa, da yadda yake bazuwa. Bayan mota ta dawo aiki da zafinta, ka ɗiga ɗigo ɗaya daga geji a kan farin kati mai shan ruwa, ka ajiye shi a kwance ya kwana. In da safe ka ga ya bazu, duhun ya tafi yana dusashewa a hankali zuwa gefe, man yana riƙe da dattinsa. In ka ga baƙin ya dunƙule a tsakiya da kaifin baki kamar an ɗiga kwalta, ƙarfinsa ya ƙare. In wani faffaɗan zobe mai haske ya yi saurin zagaye shi, ga kuma wari, a zargi dizal. Na ruwa kuma, ka ɗora murfin gwangwani a wuta ya yi zafi sosai ka ɗiga man: lafiyayye hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa zai yi ta tsartsatsi kamar an jefa ɗanyen kifi a kasko. Ina rubuta kwanan wata a kowane kati ina jera su a cikin littafin. Kati ɗaya ba ya faɗin komai sosai, amma shida a jere suna nuna inda aka dosa.

Wanda yake son tabbaci sai ɗakin gwaji. Kamfanonin haƙar zinariya na Obuasi da Tarkwa da haka suke tafiyar da manyan injinansu: a ɗebi ɗan mai a kwalba, a auna kaurinsa, TBN, kunkunniya, dizal, ruwa, da ɓurɓushin ƙarfe da yashi. Ga mai mota ɗaya, kuɗin gwaji zai iya kusan kai kuɗin juyen kansa, don haka yin sa kullum ba dabara ba ce. Amma sau ɗaya, kafin ka ja tazara, yana da ma'ana. A ɗebi man da zafinsa, daga tsakiyar zuba ba farkonta ko ƙarshenta ba, a kwalba mai tsabta, a rubuta awa nawa ya yi da sunan man.

Haka muka yi wa Hilux. Ita ce muka mayar juyen shekara da sintetik 5W-40 na dizal, kuma na san hakan ya wuce watannin da littafinta ya faɗa, kasadar tamu ce. Ba mu yi tsalle ɗaya ba. Mun fara da wata shida, katunan suna da kyau, muka kai tara muka aika kwalba, sakamakon ya nuna man yana da sauran ƙarfi kuma ba dizal ko yashin da zai tayar da hankali. Dalilan da suka sa na yarda su ne kusan duk fitarta doguwa ce, injinta bai saki ba, awanninta ba su kai 150 ba. Lokacin juyen ma mun zaɓe shi. Yawancin jigilarta daga Agusta zuwa Fabrairu ne, lokacin doya da masara. Sai mu yi juye a Maris, ta shiga watannin zamanta da sabon mai, ba da tsohon da ya tara tsami yana kwance a kan mital ba. Motar da za a ajiye, kafin ajiya ake yi mata juye, ba bayan an ɗauko ta ba. Kuma na sa mata iyaka: in ta haura kilomita 8,000 kafin Maris, ko Kawu ya fara aikenta kasuwannin cikin gari irin su Kejetia da Asafo kullum, ta koma wata shida.

Lita 68 ta koma 27, filta takwas ta koma uku. Kawu ya so a ce Canter ma ta bi sahun Hilux, ya sake tayar da maganar ran da muka je juyen Satumba. Masta yana kwance a ƙarƙashinta, sai muryarsa ta fito: "Alhaji, in kana so a yi shekara, sai ka daina karɓar aikin cikin gari, ka jira sai mota ta mutu a Kintampo." Kawu ya yi dariya ya ce ai na cikin garin ne ke ciyar da gida. Yaron gareji ya manna farin salatif a cikin ƙofar direba, na rubuta ranar da lambar mita, a ƙasa kuma na ƙara: Maris, ko awa 250.